Jan Maɓalli Shi Ne Sanyi

Talata, 14 ga Maris, 2023, ƙarfe shida da kwata.

Jikalle,

Na tafi ganin likita kafin ki tashi. Jiya na'urar busar da gashin kakarki ta ƙona miki fatar kai, kika kira ta tarkace, na daka miki tsawa. Ki yi haƙuri, laifin nawa ne.

Yau shekara talatin da tara da wata tara ke nan da na sayo mata ita. A shekara ta biyu ta lalace, na kwance ta ina taƙamar na karanta kimiyya, na haɗa wayoyin a juye. Tun ranar, jan maɓalli ne sanyi, shuɗi ne zafi.

Kada ki fasa gyara kanki, ga ganawar neman aiki a gabanki. Ki sunkuyar da kai, ki fara daga tushen gashi da shuɗin, ki ƙarasa da jan, yadda kakarki take yi. Zai tashi ya cika.

Sau uku na nemi gyara kuskurena, tana cewa, "Malam, bar min abata, hannuna ya saba." A haka ta yi amfani da ita har Allah ya karɓi ranta.

Kakanki