Zariya Bakwai da Takardar Rahila

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Tabawa, matar marigayi Malam Haruna na Sharaɗa, na rubuta wannan da hannuna a shekarar 1987, hankalina cikakke, ko da yake ƙafafuna sun fara ƙin ɗaukata. Rubutun a karkace yake, domin sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wanda zai yi dariya ya gama karantawa tukuna.

Na ɗaya. Gida a raba shi yadda shari'a ta ce. Ba shi ke damuna ba.

Na biyu. Lawan, babbana, a ƙasan akwatina akwai zariyar wando guda bakwai a ɗaure. Na bar maka su. Na ubanku ne, ni na ɗinka su, ɗaya kowace babbar sallah tun daga shekarar da aka ba shi foman a masaƙar Bompai. Ka shimfiɗa su a ƙasa ka duba. Ta bakwai ta fi ta farko da taki biyu da rabi. Duk ƙarin da na yi, da murna na yi shi. Abokansa suna shafa masa tumbi a bakin masallaci suna cewa arziki ya fito, ni kuma wawiya ina ƙara man shanu a miya. Ranar da ya dafe ƙirji ya faɗi a matakalar ofis, ya rage kwana tara ya cika arba'in da tara. Masu shafa tumbin sun zo gaisuwa, sun ci tuwo, sun tafi da nasu tumbin a gaba kamar an ɗaura musu tulu.

Na uku. Tare da zariyar akwai takarda. Ubanku ya ce mini ta yabo ce daga kamfani, na naɗe ta a leda na adana shekara shida. Ita ce abu na farko da na karanta da na iya haɗa baƙi. Rahila ce ta rubuta, nas ɗin asibitin masaƙa, mutuniyar Kafanchan, da Hausa sarai don kada ya ce bai gane ba. Ta gwada cikinsa daidai cibiya, ta gwada ɗuwawunsa, ciki ya fi nesa ba kusa ba. Ta rubuta cewa kitsen ciki ba kamar na cinya ba ne, shi ne mai wahalar da zuciya, ya rage kitse da lemon kwalba, ya riƙa tafiya da ƙafa. Daga baya na ji ashe ya yi mata dariya, ya ce ba tela ya zo gani ba. Ajali na Allah ne, na sani, kada wani ya karanta mini. Amma Allah bai ce a ninke gargaɗi a kawo wa mace jahila ta ɓoye ba.

Lawan, na gwada wandonka da matarka ta shanya. Ka wuce zariya ta biyar, kana ɗan talatin da huɗu. Tun da ka zama sitokifa mai kula da sito ka sayi babur Besfa, ko masallacin ƙarshen layi ba ka zuwa a ƙasa. Leburori suna ce maka Alhaji ba ka je Makka ba, kai kuma sai fara'a. Tumbinka suke gaisarwa, ɗana. Ina jin yadda kake haki in ka sunkuya ɗaura takalmi, irin na ubanka sak, kuma tun daga nan abinci ya daina yi mini daɗi.

Na huɗu. Sauda, keken ɗinkina ki riƙe, in 'yan'uwanki sun yarda, da tef ɗin awo. Duk sallah ki gwada cikin yayyenki da ɗuwawunsu, ki rubuta a bayan takardar Rahila. Wanda cikinsa ya fi, ya tafi asibiti a duba shi. Za su ce ke ƙarama ce kuma mace. Ki ce ni na aiko ki.

Na biyar. Gabar da ke tsakanin Lawan da ƙaninsa Uwaisu ta ƙare kafin a yi mini sadakar uku. Lawan, wata takwas ba ku magana saboda Uwaisu ya ce a gaban mutane teɓarka ciwo ce. Bai iya magana ba, amma bai yi ƙarya ba. Kai kuma ka kira shi tsinke, ka ce majemar Challawa da yake aiki ta tsotse shi, don yana tuƙa keke zuwa can safe da yamma. Tsinken nan shi zai iya ɗaukar makarata har maƙabarta bai sauke ba. Uwaisu, ka je ka ba yayanka haƙuri, sannan ka ja shi ku riƙa takawa tare.

Na shida. Ku nemo Rahila, an ce tana Bompai har yanzu. Ku gaya mata takardarta ta samu mai karantawa, a makare.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini, har da man shanun. Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuri'arku, ya haɗa kanku. Ku riƙa cin abincin sallah a faranti ɗaya, ku ukun. Lawan, na gaji da kewar ubanku, ina fatan Allah ya sada ni da shi cikin rahama. Kai kada ka biyo ni da wuri.