Ƙorafi Kan Takardun Lambar Motocina da Jakin Balarabe Ya Sha

Daga Audu Maƙerin Gwangwani,
Bakin Tasha, Kwanar Dangora.
15 ga Maris, 1956.

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Kiru.
Ta hannun Dagaci.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙwace mini motocin wasa uku da takardun lambarsu, da ɓata mini suna

Bayan gaisuwa da nuna biyayya, ina roƙon a dubi abin da Balarabe mai tsaron rumfunan kasuwa ya yi mini.

1. Shekarata goma sha ɗaya ina ƙera aci-balbal da mazurari a garin nan. A watan Janairu wani Baturen aikin hanya ya nuna mini hoton motocin tsere na ƙasarsu, na ƙera ƙanana uku da gwangwanin kananzir, kowacce tsawon tafin hannu. Da zai tashi ya bar mini takardu shida masu lambobi da jan zane. Akan tsoma takardar a ruwa, lambar ta saɓule, a ɗora ta a jikin motar ta manne. Iyakar sirrin ke nan.

2. Ran 2 ga Maris ina cikin manna lamba 14, Balarabe ya tsaya a kaina. Da ya ga rubutu ya bar takarda ya shiga ruwa, sai ya shelanta wa kasuwa cewa ina wanke rubutun Nasara don in yi wa direbobi asiri. Mutumin da ko sunansa aka rubuta a ƙasa zai taka ya wuce, shi ne ya zama masanin rubutu a ranar. Ya kwashe motocin da takardu biyar da suka rage, wai zai kai gaba.

3. Har yau bai kai ko'ina ba. Maƙwabcinsa Buba ya shaida mini, kuma a shirye yake ya maimaita a gabanka, cewa ran 5 ga wata Balarabe ya jiƙa huɗu a ƙwarya ya ɗura wa jakinsa ruwan, tunda a hankalinsa rubutun motar tsere maganin gudu ne. Ashe abin da ya kira haram a kasuwa, a gida halal ne. Ina sanar da Mai Girma cikin ladabi cewa jakin bai ƙara sauri ba. Jiya ma na wuce shi a hanyar Badafi, ni a ƙafa.

4. Da iyakarta ke nan da na yi dariya na haƙura. Amma tun ranar ba wadda ta aiko mini da fitila gyara. Direbobi suna kauce wa rumfata. Mahaifiyata Inna ta je suna aka janye mata tabarma, ta dawo ba ta ci komai ba. Wannan ya fi ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba.

Saboda haka ina roƙon a umarci Balarabe ya kawo motocin da takarda ɗaya da ta tsira, in bai riga ya ba akuya ba. A kira mu ranar kasuwa, a gaban Dagaci da Liman, a ba ni ƙoƙon ruwa in manna lambar kowa yana gani. Ba na neman diyya, kuma ba na neman a taɓa jakin, shi ma zaluntarsa aka yi. Abin da nake so shi ne Balarabe ya janye maganarsa a inda ya yi ta, da irin muryar da ya yi ta, don Inna ta sake zama a tabarmar mutane.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka adalci.

Talakanka mai biyayya,
Audu Maƙerin Gwangwani