Ranar da Na Faɗi Sunansa

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya yara da mutanen Kano? Muna lafiya.

Wani ya daki maigidana a kasuwar Bande, ya karya masa hannu. Da yake yana kwance, ni na kai ƙara garin Magarya gaban alƙalin Nasara. Da aka nemi sunan maigidana na ƙi faɗa, sai tafinta ya ce, "Yarinya, Nasara bai san kunyar miji ba. Faɗi sunansa, ko ki koma da ƙararki."

Yaya, ban taɓa furta shi ba! Na rufe fuska na faɗa, aka karɓi ƙarar.

Ashe sunan da daɗi a baki.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Rabi