Ba Zan Janye Gyaran Sunan Taga Ba

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni da amsa kafin zuciya ta sa in yi abin da zai raba ni da abincina. Na san filin naki na masu rikicin gida ne da masu faɗa da surukai. To ni ma akwai suruki a maganata, sai dai tawa daga taga ta taso. Ba tagar ɗaki ba, ta kwamfuta.

Ina aiki ne a ƙaramin ofishin mijin yayata. Ɗaki ɗaya ne, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa, da firinta wadda ba ta aiki sai an mare ta. Aikinmu kula da manhajar sayar da tikiti ta wani kamfanin motocin haya. Ni ban yi jami'a ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. A shagon gyaran waya na koya wa kaina karatu na gaske, ina karanta duk abin da ya faɗo hannuna, har takardar cikin kwalin caja. Daga nan na kama littattafan bayanin manhajoji, irin waɗanda masu digiri ke tsallakewa suna hamma. Ni ba na tsallake layi. Abin taƙamata ke nan a duniya, ba ni da wani.

A baƙin allo muke aiki, inda babu hoto babu abin dannawa, sai dai ka rubuta umarni na'ura ta bi. Akwai wata manhaja ta kyauta da ke raba wannan allo zuwa tagogi da yawa, kowace da sunanta a jere a ƙasa. Daɗinta shi ne ko ka rufe kwamfutarka ka tashi, tagogin suna nan a buɗe, wanda ya karɓe ka sai ya shiga ya ɗora daga inda ka tsaya. Haka muke yi a ofis, muna gadon tagogin juna kamar direbobi biyu a mota ɗaya.

Littafin bayanin manhajar, a sashen suna, ya faɗa ƙarara cewa sunan taga yana sauyawa da kansa, yana bin abin da ake yi a cikinta. A saitinmu, in ka shiga na'urar gwaji sunan ya nuna gwaji, in ka shiga ta kamfani, inda tikitin gaske suke, ya nuna ta kamfani. Abin da sashen bai faɗa ba shi ne, da zarar ka raɗa wa taga suna da hannunka, shi ke nan, sauyin ya mutu. Sunan ya manne, ko ina ka shiga ba zai motsa ba.

To ni, don neman lada, na raɗa wa wata taga GWAJI da manyan baƙaƙe, wai don kowa ya gani da kyau. Wata safiya aka kira ana ƙorafi, sai na bi ta cikin tagar nan na shiga na'urar kamfani ina dubawa. Ina cikin haka mijin yayata ya leƙo ya ce in yi maza in karɓo tawadar firinta, domin a ofishin nan in ba ka da digiri kai ne ɗan aike. Na tashi. Sai babbarmu a aiki, wadda muke kira Injiniya, ta zauna, ta ga GWAJI ƙato a gabanta, ta ba da umarnin share tikitin ƙarya da muke gwaji da su. Na gaske ta share, Gwaggo. An maido da na jiya daga ajiya, amma na safiyar suka tafi. A tasha mutum biyu suna riƙe da kujera ɗaya, kowa da shaidarsa a waya, manajan tasha kuwa yana ihu a kunnen mijin yayata har muna jiyowa daga inda muke zaune.

Da ƙura ta lafa na gano musabbabin, na ce wallahi wannan ba zai sake cin wani ba. Na rubuta gyara, 'yan layuka da za a ƙara a sashen suna: cewa sunan hannu yana kashe sauyin, ga kuma yadda ake tayar da shi. Na aika shafin masu manhajar, inda duk duniya ke iya gani. Na haɗa da labarin abin da ya faru, don su san ba wasa nake yi ba. Na ce wata mai digiri ta danna ba ta duba ba. Na kuma ce wanda ya rubuta wannan sashe ko allon shago bai kamata a ba shi ya rubuta ba. Gaskiya ce ai.

Dattijon da ke kula da manhajar ya amsa mini a taƙaice. Wai bayanin yana nan a sashen saituna, kuma wai nan ba wurin zagi ba ne, in tsabtace maganata zai duba. Na je na duba. Yana nan, na yarda. Rabin layi ne, can ƙasa, an cusa shi tsakanin saitin launi da na agogo, inda ko mai neman allura ba zai leƙa ba. Na mayar masa da cewa gargaɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin gado ba gargaɗi ba ne, na ƙara da wasu kalmomi da ba zan maimaita miki ba. Ya rufe zancen, wai sai na huce.

Yanzu Injiniya ta ga abin da na rubuta, ko gaisuwata ba ta amsawa. Mijin yayata ya ce in goge komai, in janye gyaran, in ba ta haƙuri, ko kuma in ajiye masa makullin ofishinsa in bar aikin. Wai na tona asirin ofis a kasuwa. Yayata ta kira tana faɗa, wai tun ina yaro bakina ya fi ƙafata sauri, wai in rufa mata asiri a gidan mijinta. Ni kuma na ce ba zan janye ba. Me zan janye? Gyaran daidai ne! In na janye, gobe wani yaro a wani gari zai raɗa wa tagarsa suna, a ɗora masa laifi, shi ma a ce ai ba shi da ilimi. Su yi ta riƙon makullinsu. Ki faɗa mini gaskiya, Gwaggo, ina laifina a nan? Don na karanta abin da aka rubuta na gaskata?

Naki,
Mai Baƙin Allo

*

Ɗana Mai Baƙin Allo,

Ban taɓa zama gaban baƙin allo ba, amma na fahimci komai daga bayaninka, kuma wannan kaɗai ya nuna mini kana da baiwar da kake taƙama da ita. Wanda ya iya fahimtar da tsohuwa irina, ya cancanci ya gyara littafin bayani.

Kana da gaskiya a abu ɗaya, kuma babba ne. Gargaɗi wurinsa shi ne inda hannu zai yi kuskuren. Shi ya sa ake rubuta ƙa'idar magani a jikin kwalba, ba a bangon kanti ba. Kada ka janye gyaran nan.

Amma ka tambaye ni laifinka, to ga shi. Kai ka shiga na'urar kamfani, kai ka tashi ka bar ta a buɗe, kuma ba ka ɗaga ido ka ga ko sunan ya sauya ba. Littafi ya gaza, na yarda, amma idonka ma bai je aiki ba a ranar. Injiniya ta amince ne da sunan da kai ka rubuta, kamar yadda kai ka amince da abin da littafi ya rubuta. In gaskata rubutu ba laifi ba ne a wurinka, me ya sa ya zama laifi a wurinta? Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka ambaci halin da ta shiga a safiyar nan, hannunta ne ya share, ita aka fara kallo. Ban samu ba. Sai ma ka ɗauke ta ka kai gaban duniya.

Dattijon nan kuwa, kyauta yake muku aiki. Bai ce gyaranka banza ne ba, cewa ya yi ka tsabtace zai duba. Ƙofa ya buɗe maka, kai ka tsaya kana dukan bango. Mijin yayarka ma ba duka ya yi kuskure ba. Kamfanin da ya ba ku amana in ya ga labarinsa a shafin jama'a, ba kai kaɗai za ka rasa abinci ba.

Ga abin da za ka yi. Ka fara da Injiniya. Ka ba ta haƙuri baki da baki, a cikin ofis, gaban waɗanda suka san zancen, ba ta saƙon waya ba, kuma kada ka saka “amma” a ciki. Sannan ka goge labarin ofis da duk zagin. Ka sake aika gyaran shi kaɗai, da sunanka, ba tare da ambaton inda kake aiki ba. Ka rubuta wa dattijon cewa ka ga rabin layin da ya nuna maka, roƙonka kawai a maimaita shi a sashen suna, inda mai raɗa suna zai ci karo da shi.

Daga nan ka sami mijin yayarka lokacin da babu kowa. Ka nuna masa sabon rubutun, ya gani da idonsa cewa babu ofis a ciki. Ina kyautata zaton abin da yake tsoro ke nan, ba gyaran ba. Ka kuma je masa da shawara ta aiki: tagar da ke kan na'urar kamfani a ba ta launi dabam, kuma kada wanda ya tashi ya bar ta a buɗe, ko da maigida ne ya aike shi. Maganar mayar da kai ɗan aike ma magana ce, amma ka ajiye ta sai ran da ba kai ne mai neman afuwa ba. Makulli kuwa, ka bar shi a aljihunka.

Mai yiwuwa dattijon ya sake wa gyaran kalmomi, mai yiwuwa ma ba zai ce maka na gode ba. Ka haƙura. In layukan nan suka shiga littafin, wani zai karanta su ya tsira, ba zai taɓa sanin sunanka ba, kuma ba zai rasa aikinsa ba. Wannan kake ce mini kana so, to ka nuna mini da gaske kake. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya bar maka kaifin idonka, Ya daidaita tsakaninka da 'yan'uwanka.

Gwaggonku