Sunan Vannak

Asabar, 5 ga Satumba, 2009

An shiga Pchum Ben. Kwana goma sha biyar matattu na bin wat-wat, gidajen ibadarmu, suna duba ko danginsu sun kai musu abinci. Mak, uwata, ta tashe ni da zancen ganyen ayaba tun ban wanke ido ba. Shekara saba'in da takwas, gwiwa ta ƙi, ido ɗaya ya tafi, amma kunnen nan nata har tarin maƙwabta yake ji. Ranar gidanmu ta ciyar da sufaye Alhamis ce.

Litinin, 7 ga Satumba

Mun wuni ɗaurin ansom, ƙullin shinkafa a ganyen ayaba, a ƙarƙashin gidanmu mai dogayen ƙafafu. Sarin, mijin nan nawa da bai iya komai ba sai gyaran babur, wai zai taya mu. Mak ta ɗaga nasa, shinkafa ta zubo ta gindi. Ta ce, “Wannan ɗauri ne ko gaisuwa?” Ya ce, “Mak, ai matattu ba su da haƙora, gara a sassauta musu.” Ta kwaɗa masa ludayi a gwiwa, tana dariya har da hawaye. Shekara ashirin da biyar suna wannan faɗan, kuma in ya makara a kasuwa ita ce ta farko a bakin hanya.

Ta ware ƙanana guda shida masu ayaba a ciki, ba nama. Ba ta ce na wa ne ba. Ban tambaya ba.

Laraba, 9 ga Satumba

Na rubuta takardar sunaye. Mak ba ta iya karatu ba, ita ke faɗa ni ina rubutawa, gobe a miƙa a wat, a yi addu'a a ƙone ta, ladan ya isa ga masu sunan. Baba. Yayyena biyu. Kaka. Gwaggo da 'ya'yanta huɗu. Kawu. Goma. Sannan ta ce, kamar kowace shekara, “Vannak.” Ƙanena.

Na sunkuya, na motsa biro a saman takardar, bakinsa bai taɓa ta ba. Na ninke.

Shekara goma sha shida ke nan ina yin haka. Tun shekarar da mutanen sansanonin kan iyaka suka gama dawowa ba shi a cikinsu Mak ta ce a sa shi. Ni kuwa na kasa. Ba a sa mai rai a takardar matattu. Ba wanda ya ga gawarsa. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya bi rundunar yara zuwa aikin dam a zamanin Pol Pot, iyakar abin da muka sani ke nan. Da yanzu yana da arba'in da uku, ƙila da tumbi, ƙila a Thailand, ƙila ya manta sunan ƙauyenmu. Mutane na dawowa. Bara ma wata a can gabas ta ga yayarta bayan shekara talatin.

Ni malamar makaranta, mai dukan tebur a kan ƙarya.

Alhamis, 10 ga Satumba

Tsohon achar ɗinmu, mai jagorantar addu'a, idonsa ya mutu tun tuni. Tara takardun yake a kwano, ya yi ƙus-ƙus, ya kunna wuta. Ashe ya kwanta ciwo. Wanda ya tsaya masa, Achar Phon, ya zo da tabarau da sabuwar lasifika, ya ce bana kowane mamaci zai ji sunansa da kunnensa.

Ya warware takardar farko ya fara karantawa. Ya zo kan tamu. Yana karantawa Mak na bi da leɓe, hannuwanta haɗe a goshi. Ya kai kan Kawu, ya ajiye, ya ɗauki ta gidan gaba.

Mak ta ce, “Achar, saura ɗaya.” Da ƙarfi, a gaban sufaye da kowa. Ya sake dubawa, ya juya bayanta, ya ce, “Goma ne, Yeay,” yadda ake kiran tsofaffin mata. Sai ya dube ni ta saman tabarau, shi da na koyar da 'ya'yansa uku.

Ba ta dube ni ba. Ta sauke hannuwanta kan cinya. Ƙananan ansom ɗin nan shida ta mayar cikin kwando, muka dawo da su gida.

Juma'a, 11 ga Satumba

Ba ta yi min magana ba. Ta ci abincin da Sarin ya miƙa mata, nawa ta ture.

Asabar, 12 ga Satumba

Sarin ya ce ya daɗe da sani. Wai biro in yana rubutu ƙara yake yi. Na ce me ya hana ka magana? Ya ce, “Tsakanin ke da Mak? Ina son raina.” Sannan ya daina wasa ya ce in je in same ta, kar kwanakin su ƙare. Yau saura bakwai.

Lahadi, 13 ga Satumba

Na same ta da hantsi tana tsince ɗanyen wake. Na zauna ƙasa kusa da ƙafarta.

“Shekara nawa, Kunthea?” Cikakken sunana. Rabon da ta kira ni haka tun ina yarinya.

Na ce goma sha shida.

Ta ce, “Shekara goma sha shida yana tsaye a ƙofar wat, ana kiran kowa, ubansa na ci, yayyensa na ci. Yaron da ya bar gidan nan da yunwa.” Muryarta ko rawa ba ta yi ba, gara ma da ta zage ni.

Sai na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko littafin nan. Ran da aka zo ɗibar yara ya ɓuya bayan tulun ruwa, ni na jawo shi. Na ce masa, oun, ƙanena, tafi, an ce a can shinkafa ake ci mai kauri, ba ruwan kunu ba. Ya ce, “Da gaske, bong, yayata?” Na ce da gaske. In na rubuta sunansa, to ni na aika shi.

Mak ta daɗe tana kallona da idon nan ɗaya. Ta ce, “Oho. Ashe ke ce Angka, hukumar Pol Pot, ban sani ba. Ke ce mai bindiga.” Ta ce wa ya ɗaura masa gyalen krama a wuya ranar? Wa ya ce masa kar ya yi kuka su gani? “Da ya zauna da sun zo da igiya. Duk mun tura shi, 'yar nan, don ya rayu muka tura shi.”

Na ce to in yana raye fa? Ta ce in yana raye ya zo ya yi mata faɗa, tana nan zaune.

Na yi kuka a cinyarta kamar ba mai furfura ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce na zauna mata a kan wake.

Talata, 15 ga Satumba

Na ɗauka za ta ce in sake rubutawa. Na kwana biyu ina shirya amsa. Ba ta ce ba. Yau ta ce in ɗauko allo da alli daga kayan makaranta. “Ba zan ƙara roƙonki ba, hannunki naki ne. Koya min nasa kawai, ban son sauran.”

Yara sun fi dubu da na koya wa rubutu, ban taɓa tunanin uwata ba. Kunya ta kama ni.

Ɗaliba ce mai taurin kai. Ta riƙe alli kamar za ta fasa kwakwa. Na gyara mata, ta ce, “Malama, a hankali, ni na haife ki.”

Laraba, 16 ga Satumba

Harafin farko ya zauna. Sarin ya ce ya yi kama da kaguwar da mota ta taka. Ludayi.

Alhamis, 17 ga Satumba

Na rubuta mata sunan a saman allo don ta kwafa. A allo ne, ana gogewa, ba komai ba ne. Duk da haka sai da na fita bayan gida na tsaya wajen ayaba na ɗan lokaci.

Tana yi tana ba ni labarinsa. Wai ya taɓa sa kwaɗo a tukunyar prahok, daddawar kifin Kaka. Na manta da wannan sam. Mun yi dariya har Sarin ya leƙo.

Asabar, 19 ga Satumba

Babbar rana, ta ƙarshe. Ruwa tun safe. Mun ɗaura sabbin ansom jiya, ƙananan ni na ɗaura, nata hannun ya gaji da alli.

Na rubuta goman na miƙa mata biro. Biro ba alli ba ne, yana zamewa, ga takarda ta yi laushi da damshi. Ta yi rabi hannun ya kama rawa, ta tsaya, ta sake gwadawa, ya ƙi. Ba ta dube ni ba, ba ta roƙa ba. Na dafa hannunta don ya daina rawa, shi ke nan. Ban san wa ya ja sauran ba.

Achar Phon ya karanta goma sha ɗaya. Lasifikar nan tasa har kasuwa ake ji. Mak ta ci shinkafa kwano biyu da rana, ta ce miyata ta yi gishiri.

Dole in sayi alli kafin a koma makaranta, ta cinye min rabin kwali. Rufin kicin kuma yana yoyo.

Da muka fita zuba ruwa a gindin bishiya don ladan ya isa, kowa na kiran nasa a hankali. Ni ban shirya cewa komai ba. Sai na ji bakina ya ce, “Oun, ci a hankali, akwai saura.”