Ba Ni Zan Bar Makarantar Ba

Hayin Banki, Kaduna.

Zuwa ga Gwaggo Kaltume,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, ni da ko a gabanki ban iya ɗaga ido. Ina fatan kina lafiya, Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafa. Mu nan lafiya lau, Ahmad ma ya fara tafiya.

Mama ta ce kin nemi a kawo ni Gusau in ƙarasa karatu a wurinki. Na gode ƙwarai, amma Gwaggo ba na son tahowa, ga kuma dalilina. Wata 'yar ajin ƙarshe, Aziza, ta ga rubutuna yana da kyau, sai ta ɗora mini kwafar darussanta, daga baya har da na ƙawayenta huɗu. Duk ranar da ban gama ba, sai ta sa ni durƙuso a kan tsakuwa, wai na raina babba. Zango biyu ana haka. Yatsana ya yi kanta, nawa littattafan babu komai a ciki, na faɗo daga ta uku zuwa ta goma sha tara. Mansura da muke zama benci ɗaya ita aka fara yi wa, yanzu ta daina zuwa.

Ranar Litinin na mayar wa Aziza littattafan yadda ta ba ni. Na gaya mata ba zan ƙara ba, sannan na nuna wa malamar ajinmu gwiwoyina. An kira Aziza ofis. Tun daga ranar ni kaɗai nake zama in an fita tara, kowa na tsoro. Ban yi nadama ba.

Baba ya ce haƙuri maganin zaman duniya, gara in kauce. To, na yi haƙurin har tura ta kai bango. In na tafi wata za a samu, don na ga Aziza tana duba rubutun 'yan aji ɗaya. Ba ni na yi laifi ba, don me ni zan bar makaranta? Maganarki kaɗai Baba ke ji, ki roƙa mini shi ya bar ni.

Ki gaishe da Baba Habibu, da Yaya Safiyya da Sharhabil. In kin ba ni izini, zan sake rubuto miki, ko da amsarki a'a ce.

'Yarki,
Ilham.