Wanda Zai Ɗaga Dutsen Tafki

Zuwa ga ɗana Sattan, a wurin masu sassaƙar haikalin Sarki Chola, Tanjabur.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ƙurar dutse ta daina sa ka tari. Ka gaishe da maigidanka. Mu nan lafiya, sai ƙirjin baffanka Kadan da yake ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ruwan kogin Kaberi ya iso, tafki ya cika har wuya. Irin shinkafa kuwa yana bushewa a gonaki, domin laka ta danne dutsen da ke toshe magudana a ƙasa. Sai an nutsa an ɗaga shi. Ka san aikin gidanmu ne, don shi aka ba kakanka gonar gindin giginya. Ka kuma san yadda ruwan ya ja babanka cikin ramin magudanar.

Dattawan tafki sun ce in ba namijin gidanmu ne ya ɗaga ba cikin kwana tara, za su ba wani gida aikin, har da gonar. Shugabansu Bemban ya ce in kira ka da hannuna, wai ɗa ba ya ƙin rubutun uwarsa. Ga shi nan zaune a ƙofa yana taunar ganye. Yanzu ya leƙo ya ce, "Nangai, rubutu ne wannan ko kaza ce ta bi ta kan ganyen giginyar nan?" Na ce, "Wanda ya koya mini zai gane, Baba." Ya yi dariya, bai karanta ba.

To ka gane, kai da ka koya mini. Kada ka zo. Ko wa ya aiko, kada ka zo.

Mahaifiyarka,
Nangai

Zuwa ga ɗana Sattan.

Bayan gaisuwa da tambayar jikinka, ka yi haƙuri da layukan nan, tsinken ƙarfen da nake rubutu da shi yana zame mini.

Kwana takwas baffanka yana fita bakin hanya da safe yana duban ka. Ya ce, "Yaron nan kifi ne, yana tafe." Ina jin sa ina tankaɗe shinkafa, ban gaya masa abin da na rubuta maka ba. Na ɗauka gonar kawai za mu rasa, na riga na sallama ta a raina.

Rana ta tara ya nemi in dafa masa shinkafa da madara, wadda mai nutso yake ci. Na ce, "Da wannan ƙirjin?" Ya ce, "Ke dai zuba, matar yaya, kin cika surutu." Na riƙe ludayi, maganar tana bakina. Na zuba.

Ya ɗaga dutsen, Sattan. Ruwa ya fita, mutanen ƙarshen magudana suna ihu don murna. Da aka ja igiyar da aka ɗaura masa, ba kowa a jikinta. An sami gawarsa a gonar Bemban, inda ruwan ya kai shi.

Dattawa sun bar mana gonar. Sun kuma sa an sassaƙa sunanka a ginshiƙin tafki, ƙarƙashin na baffanka, kai ne mai nutso na baɗi. Na je na bi haruffan da yatsa, ko sun yi kuskure. Ba su yi ba.

Gari yana cewa ka ƙi kiran uwarka. Gobe zan tsaya gaban dattawa in karanta musu abin da na rubuta, su karɓi gonarsu, su goge sunanka.

Ka ci abinci.

Mahaifiyarka,
Nangai